Hadana da Walicci: Yadda Fikihu Ya Raba Haƙƙin Yaro Tsakanin Iyayen da Suka Rabu

Imam Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Kuba, ya iske yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya ɗauke shi ya aza bisa abin hawansa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi ta jayayya har gaban Halifa Abubakar (Allah Ya ƙara musu yarda), wanda ya umarci Umar ya bar mata yaron. Umar bai sake ɗaga maganar ba.

Wannan hukunci yana cikin hujjojin fukaha'u a babin hadana, wato riƙon yaro da renonsa. Sai dai ba su fahimci cewa an zare hannun uba ba. Haƙƙin suka raba gida biyu: hadana ga uwa, sannan danginta mata, walicci kuwa ga uba, tare da nauyin ciyarwa da tufatarwa. Shehu Halil ya bayyana cikin Muhtasar cewa uba yana da ikon duba ɗansa, da ladabtar da shi, da tura shi makaranta, alhali yaron yana hannun uwarsa. A ganina, abin da dokokin zamani suke kira riƙon haɗin gwiwa bai yi nisa da wannan ba.

Saɓanin mazhabobi yana kan wa'adi. Hanafiyya sun tsayar da shekara 7 ga namiji, 9 ga mace. Shafi'iyya sun bai wa yaro zaɓi idan ya yi wayo. Malikiyya suka fi tsawaitawa: namiji sai ya balaga, mace sai ta tare a ɗakin mijinta.

Masar, wadda kotunanta suka gaji Hanafiyya daga Usmaniyawa, ta yi ta ƙara wa'adin: dokar 1929 ta bai wa alƙali damar kai shi shekara 9 da 11, ta 1985 ta mayar da shi 10 da 12, ta 2005 kuma 15 ga kowane jinsi.

Abin mamaki, a ƙasar Hausa inda ake karanta Risala da Muhtasar a zaure, al'ada ta fi rinjaye: da zarar an yaye yaro, sai uba ya aika a ɗauko shi, sau da yawa ya faɗa hannun kishiyar uwa. Mata da yawa ba sa kai ƙara gaban alƙali, domin ba a taɓa sanar da su cewa mazhabar da suke bi ta ba su riƙon ba.