Conté: Injiniyan Balan-balan da Fensir Ya Raya Sunansa

Duk ɗalibin da ya feƙe fensir a wata firamare ta Ngojin ko cikin garin Potiskum, yana riƙe da aikin wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté, wanda aka haifa a 1755. Masu tarihin sufurin sama suna sa shi cikin magabatan balan-balan na yaƙi, kuma sun yi daidai. Sai dai a ganina balan-balan shi ne mafi ƙarancin abin da ya bari. Gwanintarsa ta gaskiya ita ce ƙera abu a lokacin da kayan ƙera shi suka yanke.

A 1794 Faransa tana yaƙi da kusan duk maƙwabtanta, sai ta kafa rundunar balan-balan ta farko a duniya, wani mai suna Coutelle yana jagorantar sojojin, Conté kuma yana kula da makarantar horar da su a Meudon. Hanyar da aka saba samar da iskar haidirojin tana cin farar wuta, ita kuwa an keɓe ta don albarushi. Sai suka koma bi da tururin ruwa ta kan ƙarfen da aka gasa ya yi jajur, Conté kuma ya haɗa wani shafe da ke hana iskar zurarewa ta jikin alharini. A irin wannan gwaji ne abu ya fashe ya rasa ido ɗaya. Fensir ma yankewar kayan aiki ce ta haife shi. Yaƙi ya toshe hanyar baƙin ma'adinin Borrowdale na Ingila da ake yin bakin fensir da shi, sai ya niƙa garin ma'adinin da ke hannu, ya cuɗa da yumɓu, ya gasa. In yumɓu ya yi yawa bakin ya yi tauri, in ya ragu ya yi laushi. A 1795 aka yi masa rajistar ƙirar.

Wani zai ce ai yaƙin Fleurus, ranar 26 ga Yuni 1794, ya tabbatar da amfanin balan-balan, tunda ya shafe sa'o'i a sama ana leƙen sojojin Ostiriya, kuma Faransa ta yi nasara. Amma da shi ya kawo nasarar, da gwamnati ba ta ba da umarnin rushe rundunar a 1799 ba. Abu ne mai jan jiki, sai an gina murhu an ɗauki lokaci kafin a cika shi, iska kuma ita ke da ta cewa. Masar ta ƙara tona asirin. Conté ya bi Napoleon can a 1798, kayan aikinsu da yawa suka salwanta a teku. Balan-balan ɗin da ya harhaɗa a Alƙahira aka sake a dandalin Azbakiyya bai yi nisa ba ya faɗo, har malamin tarihi Abdurrahman al-Jabarti ya kwatanta shi da abin takardar da ake sakewa da zare ranar biki. An so a tsorata Misirawa, aka ɓige da ba su abin dariya.

A wannan Alƙahirar ce kuma Conté ya buɗe maƙera, yana fitar da injin niƙa mai aiki da iska, da na'urorin gidan buga kuɗi, da kayan fiɗa na likitoci, har da kakaki da ganguna, ga rundunar da jiragen ruwan Nelson na Ingila suka raba da gida tun yaƙin Abukir. Gaskiya ne, sojan mamaya yake yi wa hidima, kuma iya hannu ba ya wanke wannan. Amma ko maƙiyi ka kalla, ka san abin da ya riƙe shi, kuma maƙerar tana cikin abin da ya riƙe su shekara uku. Da ya koma Faris sai ya ƙera na'urar zana layuka a farantin tagulla, wadda ta rage wahalar buga hotunan babban kundin bayanin ƙasar Masar. Ya rasu a Disamba 1805 yana da shekara 50, kundin bai fara fitowa ba.