Faifan Rolling Stones da Masifun Shekarar 1969

Faifan garmaho shaida ne na tarihi, amma irin shaidan da ba ya faɗin duk abin da ya faru. Misalin wannan shi ne faifan nan mai suna Get Yer Ya-Ya's Out!, wanda ƙungiyar makaɗan Ingila, watau Rolling Stones, ta fitar cikin watan Satumba 1970. An ɗauki sautinsa ne a gaban 'yan kallo cikin Nuwamba 1969, galibi a zauren Madison Square Garden na birnin New York.

Shekarar nan kuwa ba ta zo da daɗi ba. Brian Jones, wanda ya kafa ƙungiyar, ya rabu da ita cikin watan Yuni, sa'an nan ran 3 ga Yuli ya nutse a tafkin wankan gidansa. A Amurka kuma yaƙin Biyetnam ya riga ya raba kan samari da mahukunta.

Kwana 8 bayan wasan New York, ran 6 ga Disamba, ƙungiyar ta yi wasa kyauta a Altamont ta Jihar Kalifoniya, gaban mutum wajen 300,000. Aka danƙa tsaro ga 'yan babur na Hells Angels. Rikici ya kaure, wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 18, Meredith Hunter, ya zaro bindiga, ɗaya daga cikinsu ya daɓa masa wuƙa har lahira, alhali makaɗa suna kan dandamali.

Mai sauraron faifan, tafi da sowa kaɗai zai ji. Saboda haka wajibi ne ɗalibin tarihi ya binciki abin da shaida ya faɗa, ya kuma binciki abin da ya yi shiru a kansa.