Anthony Burgess: marubucin da ya fi son a kira shi mai tsara kiɗa

An haifi John Anthony Burgess Wilson a birnin Manchester na Ingila ranar 25 ga Fabrairu, 1917. Yana jariri annobar mura ta 1918 ta kashe mahaifiyarsa da yayarsa. Ya kammala Jami'ar Manchester a 1940, ya yi aikin soja, sannan a 1954 ya tafi Malaya a matsayin jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka. A can ya ƙware a harshen Malay, har yana rubuta shi da Jawi, wato irin ajaminsu.

A 1959 ya yanke jiki ya faɗi yana koyarwa a Brunei. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, likitoci sun ce yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, kuma ba zai wuce shekara guda ba. Sai ya duƙufa kan rubutu domin matarsa ta sami abin dogaro bayansa. Ajali bai zo ba sai 22 ga Nuwamba, 1993.

Littafinsa A Clockwork Orange na 1962, wanda Stanley Kubrick ya mayar fim a 1971, shi ne ya yi masa suna, ko da yake shaharar ta dame shi, domin ta danne ayyuka irin su Earthly Powers na 1980. Kiɗa kuwa da kansa ya koya, ya kuma tsara fiye da 250. A jihar Iowa ta Amurka aka fara kaɗa babban kiɗansa na uku a 1975, yana da shekara 58.