Iyakar da ta raba Arewa, da waɗanda ba su ganin ta

Kakata ba ta taɓa cewa "za ni Najeriya" ba. Cewa take "za ni Kangiwa gun dangi." A wurinta Dogondutsi, Tibiri da Kangiwa duk Arewa ce. Gaskiyarta, don layin nan Faransa da Ingila suka shata shi a yarjejeniyar 1906, sannan Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa alamomi har 1908. Aure, kiwo da cin kasuwar Bachaka ba su tsaya ba.

To, hanyar da jaki ya bi da gero ita ce yau babur yake bi da bindiga. Wajen 2017 ɓarayin shanu daga Zamfara suka dami mutanen Gudu da Tangaza a jihar Sakkwato. Wasu shugabannin yankin suka kira 'yan bindiga daga wajejen Mali da Nijar don su yi musu kariya. Su ne Lakurawa. Sun kori ɓarayi, sai suka zauna, suna wa'azi, suna karɓar zakka da ƙarfi, suna yi wa matasa bulala. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, sintirin haɗin gwiwa ya yi sanyi. Wa ya sha wahala? Mai kai albasa kasuwa. Mai bindiga ai da ma ba ta gaban duwan yake bi ba. A Yunin 2024 an kashe sojojinmu 6 masu gadin bututun mai a yankin Tibiri. A Nuwamban shekarar Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, jihar Kabi. A Janairun 2025 kotu a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, soja ɗaya yana tsayawa a bakin layi, ɗayan ma haka, wanda ake kora kuwa ya wuce abinsa. Hakiman ɓangarorin biyu 'yan uwan juna ne, labari yana isa gare su kafin ya isa Yamai ko Abuja. In gwamnatoci ba su koma sintiri tare ba, kuma ba su saurari waɗannan mutane ba, ƙannenmu marasa aiki ne za a ci gaba da saye da kuɗi da babur.