Daga Dillalin Tasawa Zuwa Jumia

Ran nan a Yamai wani abokina ya nuna mini tallar Jumia a wayarsa, ta ranar rangwamen da suke kira Black Friday, yana cewa wannan ciniki ne da kakanninmu ba su taɓa mafarkinsa ba. Na yi shiru, amma raina bai yarda ba. Ni ɗan Tasawa ne, kakannina na wajen uwa suna Mayahi, kuma karatun harshe ya saba mini da bin sawun kalma har gidansu.

Ku ɗauki kalmar dillali. Daga Larabci ta zo, ta hanyar fataken hamada. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa a Janairun 1851, ya tarar da gari mai kasuwa da marina, ayarin gishiri na Abzin na ratsawa zuwa Kano. Baƙon da ya zo da kaya bai san kowa ba, mai saye ma bai san shi ba. Wa zai tsaya tsakani? Mai gida ya sauke shi, ya ajiye masa kaya, dillali ya nemo mai saye, ya tsaya wa bashi da sunansa. Jarinsa duka amana ce. In ta zube sau ɗaya, to, sai ya sake gari.

Zamanin gyaɗa ma haka ne, sai dai riga ta canza. Faransawa sun ɗauke hedkwatar mulki daga Tasawa zuwa Maraɗi a 1927, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna (ita kanta kalmar kanti daga Ingilishi muka aro ta, ta bakin ƴan'uwanmu na Najeriya). Bature yana da kuɗi da atamfa da sikeli, amma bai san hanyar ƙauyukan Mayahi ba, bai san wa ke biyan bashi ba. Dole ya ba ƴan ƙasa kuɗi su shiga daji su sayo masa. Daga cikin waɗannan yaran kamfani ne da yawa daga Alhazan Maraɗi suka taso. An kafa SONARA a 1962 ta karɓe fitar da gyaɗa, farin 1973 ya karya noman, amma Alhazan suka tsira da abin da suka tara: sanin mutane.

Yanzu mu dawo wayar abokina. Amazon ta fara da sayar da littattafai a 1995 a Amurka, inda kowane gida ke da lamba kuma mutane sun saba biya da kati. Ta bar masu saye su rubuta ra'ayinsu a kan kaya, har da na suka, don baƙo ya yarda da baƙo. Jumia kuwa, da aka kafa a Legas a 2012, ta tarar mutanenmu ba sa sakin kuɗi kafin su ga kaya. Sai ta ce ka biya idan kaya ya iso hannunka, ta kuma ɗauki wakilai, JForce, masu yi wa jama'a oda su sami la'ada. Wallahi ko sunan kamasho aka ba ta, la'ada ce. Duk da shigarta kasuwar hannun jari ta New York a 2019, a shekarar ce ta rufe harkarta a Kamaru da Tanzaniya.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Shafukan nan Faransanci ne ko Ingilishi, kuma rubutu ne, alhali cinikinmu na baki ne: sallama, tambayar iyali, tayi, albarka. Shi ya sa a wajenmu WhatsApp ta ci kasuwar, saboda saƙon murya. Kawuna mai kanti a Mayahi bai yi lakwal ba, amma yana ganin hoton kaya daga Kano, ya yi tayi da murya, ya aika kuɗi ta Nita ko Amana, kaya su biyo mota. Ku duba ma sunan da kamfanin aika kuɗin ya zaɓa wa kansa.

Ni da nake ji da boko, bara na aika jika goma sha biyu ga wani mai tallar takalmi da ban sani ba, hotunansa gwanin kyau. Har yau takalmi na hanya. Da na gaya wa kawu, bai tambayi sunan shafin ba. Cewa ya yi: «Ɗan gidan wa ne?»