Bakolori: Wa Aka Tambaya?

 Yau a gida za mu tsaya: Bakolori.

Hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ba da shawarar datse Gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar, aka kammala a 1978. Kun ga magana ta ƙetare ƙasashe, amma ba ta biyo ta zauren manomin Maradun da ruwa ya cinye gonarsa ba, balle na Talata Mafara da Bakura da aka baje wa gonaki don aikin ban-ruwa.

Da diyya ta ƙi zuwa yadda ya kamata, manoma suka haɗa kai, suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa aka kashe.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran Bakolori. Wannan karon an sa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa a ciki. Madalla. Amma fa ƙungiyar da ba ta ga takardar bashi ba, 'yar rakiya ce kawai.

Matasa, mu shiga ƙungiyoyin nan, mu karanta wa iyayenmu takardu kafin a ce su dangwala. Sai mun haɗu a shiri na gaba.