Haruffa da Launi a Gidan Rawa: Misalin Birnin Mancesta, 1978 zuwa 1997

Duk wanda ya tashi nazarin tarihin kiɗan na'ura a Ingila, wajibi ne ya dubi takardun tallarsa kamar yadda zai saurari sautinsa, domin kuwa ido ke fara kai mutum gidan rawa kafin kunne. Birnin Mancesta shi ne babban misali.

A shekarar 1978 Tony Wilson da Alan Erasmus suka fara shirya daren kiɗa mai suna Factory, watau masana'anta. Wani matashi, Peter Saville, wanda ya koyi zayyana a kwalejin fasaha ta birnin, shi ya tsara musu takardar talla ta farko. A lokacin, masu kiɗan punk yanko haruffa suke yi daga jaridu su manna barkatai. Saville bai bi sahunsu ba. Ya koma ga koyarwar Jan Tschichold, Bajamushen da littafinsa na 1928 ya yi kira da a riƙa amfani da haruffa marasa ado da shafi mai sarari. Sai ya aro alamar gargaɗin ƙara irin ta masana'antu, ya ɗora baƙi bisa ruwan ɗorawa. Takardar ta iso a makare, amma duk da haka aka ba ta lamba FAC 1, kamar dai ita ma faifai ce.

Da kamfanin ya buɗe gidan rawarsa, Haçienda, a 1982, sai aka ba shi lamba FAC 51. Ben Kelly ya ƙawata ginshiƙansa da ratsin baƙi da ruwan ɗorawa. Hatta wutsiyar da aka sa wa harafin c, in aka haɗa ta da i, takan yi kama da 51. A 1983 kuma Saville ya tsara kwalin faifan Blue Monday na ƙungiyar New Order bisa siffar faifan kwamfuta, ya rubuta sunayen da launuka maimakon haruffa. Kwalin ya yi tsadar bugawa ƙwarai.

A nan ne matsalar take. Kamfanin ya fifita kyan aiki bisa lissafin kuɗi, ga bashi, ga rikicin 'yan daba a ƙofar gidan. Factory ya karye a 1992, aka rufe Haçienda a 1997, aka rushe ginin a 2002. Sai dai gidajen haya da aka gina a wurin sun gaji sunan. Wannan ya nuna cewa zayyana mai kyau tana iya kafa suna mai ɗorewa, amma ba ta biyan bashi.